Zaƙin Dubiya

Likitan ya yi bayani mai tsawo, amma kalma ɗaya ce ta isa Garo. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yara yadda ake taƙaita labari, a riƙe gangar jiki a sassabe rassa, amma ban taɓa samun ɗalibin da ya ƙware a darasin nan kamar babban ɗan yayata ba, ga shi kuwa bai taɓa zama a ajina ba.

Abin da likitan ya ce, ina wurin, kunnena ya ji. Ya ce maiƙo ya yi yawa a jinin Yaya, kitse kuma ya fara taruwa a hantarta. Ya ce ba ciwon hantar nan da ake ɗauka ba ne, an auna, babu ƙwayar cutar. A wannan mataki, in ji shi, abin yana komawa baya in an kula: ta rage zaƙi, ta rage yawan tuwo da shinkafa, ta bar lemon kwalba, ta riƙa tafiya da ƙafa, ta kuma sha ƙwayar rage maiƙon jini. In aka bari, kitsen yakan yi ta cin hantar a hankali har ta yi tabo ta taurare, wadda ta taurare kuwa ba ta komawa yadda take. Abin da ɗan nata ya kai gida shi ne, Inna ciwon hanta gare ta.

Yaya ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina tatata, ita kuwa tana ɗakin mijinta a Garo, sai ta zo ta goya ni ta tafi da ni. Asalinmu mutanen shanu ne da suka gaji da yawo suka kama fartanya, har yau akwai 'yan shanu a bayan gida don kada a manta. Yayar da na buɗe ido na gani siririya ce, mai tafiya kamar an aike ta ɗebo wuta. Ta kai ƙwaryar nono kasuwa a ƙafa, ta dawo ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya, ta kuma samu sauran ƙarfin zane ni in na ƙi makaranta. Daga baya maigidanta ya rasu, 'ya'ya suka kawo ƙarfi. Babban ɗan ya shiga harkar hatsi, Allah ya buɗa masa, ya kai ta Makka, ya raba ta da turmi da guga, ya rantse ƙafar Inna ba za ta ƙara taka rana ba. Ko barkar haihuwa za ta a layin baya sai an kawo babur. Ta yi jiki, fatarta ta yi sheƙi, duk wanda ya gan ta sai ya sa wa yaron albarka. Ni ma na sa masa, ba sau ɗaya ba.

Ciwon gwiwa ne ma ya kawo mu asibiti a Gwarzo, inda nake zaune tun da na yi ritaya. A danginmu ni ne ɗan rakiyar asibiti, don an ɗauka wanda ya tsufa yana gyara Turancin yara dole ya ji yaren likita. Likitan kuwa Hausa ya yi mana tsantsa. Ban san Hausar ma tana neman tafinta ba.

A wajenmu kowa likitan hanta ne. Tun zamanin da ake kiran abin shawara, in idon mutum ya yi rawaya an san abin yi: a hana shi mai, a hana shi nama, a kwantar da shi, a yi ta ɗura masa zaƙi. Rake wai yana wanke hanta. Zuma ba a ma tambaya. Da zamani ya zo aka ƙara da gulukos da lemon gwangwanin nan mai duhu da ake cewa yana ƙara jini. Idon Yaya fari ne tas, amma wa zai tsaya duba ido bayan an ce hanta?

Da na leƙa Garo bayan 'yan kwanaki sai na tarar an kwantar da ita a gado, an rufa mata zane har ƙirji, an ware mata kwano da moɗa. Surukarta, matar babban ɗan, yarinya mai hankali da ladabi, ta kawo abinci tana durƙuso. Miyar kuka ce tsararo, ba ɗigon mai, ba ƙashi, amma tuwon ya cika kwano har ya yi tozo, don mai jinya ba ya zama da yunwa. A gefen gado ga daro cike da rake an fere an yayyanka. Kwalayen lemo kuwa sun kai rabin bango.

Ba a zuwa dubiya hannu na dukan cinya, Yaya kuma mace ce da ta halarci sunan kowa da jana'izar kowa. Daga Kabo aka zo, daga Kara aka zo, daga Lakwaya aka yi mota guda. Kowace ta gama doguwar gaisuwa sai ta zaro kwalba daga jaka, ta buɗe da hannunta, ta ce, "Hajiya, ko kurɓi ɗaya ne, saboda ni." Kurɓi ɗaya ba ya cikin tarbiyyar da aka yi mana. Barin saura a gaban mai kawowa raini ne. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo, ina amsa gaisuwa, Yaya tana shanye kwalba bayan kwalba cikin ladabi, mata suna cewa alhamdu lillahi, baki ya buɗe.

Na samu ɗan nata a rumfar da yake turke ragunan da yake kiwo don Sallah. Na yi masa darasin da na shirya tun a hanya, na ce hanta ba sai an ba ta mai take yin kitse ba, rarar zaƙi da rarar hatsi ita da kanta take mayar da su kitse ta adana. Ya saurare ni da kai a sunkuye, irin sauraron da ake yi wa kawu. Da na ga maganar ba ta shiga ba sai na nuna ragunan, na tambaye shi ko ya taɓa ba su man gyaɗa. Ya ce a'a. Man shanu fa? Ya yi dariya. Na ce to me yake ba su har suke wannan ƙiba? Ya ce dusa da ƙowar wake, sai kuma a turke su kada su yi yawo su zube.

Na yi shiru, ina jiran ya ji abin da bakinsa ya faɗa. A aji wannan shirun bai taɓa ba ni kunya ba.

Ya ɗago ya ce, "Kawu, Inna kake haɗawa da rago?"

"Hantar nake haɗawa da hanta."

"To Kawu, ni ban yi boko mai nisa ba. Likita ya ce maiƙo, mun janye mai. Ga lemo nan, zuba shi a rigarka, in ya bar maiƙo ka kira ni."

Na taɓa kayar da masu duba makarantu a muhawara, amma ranar rigata ce aka kafa mini hujja da ita. Ya rako ni har bakin babur ɗina, ya ɗaura mini rake a baya, ya ce a gaida mutan gida.

Sai na koma kan Yaya ita kanta. Na jira ɗaki ya yi sauƙi, na matsa kusa, na ce mata abin da take sha ɗin nan shi ne cutar. Ta ce ta ji abin da likita ya ce, ba kurma ba ce. Amma mace ta biyo rana tun daga Kara, ta ƙuntata wa kanta ta sayo abu, a ce mata a mayar? Wanda kuma yaron nan ya kawo, ta yaya za ta ture? Yaron nan take ce masa, don ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon idonsa, balle ta yi masa musu. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba ado ba ce, katanga ce. Duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta bakin suruka, suruka kuwa ba za ta ɗauki saƙon a daina ba Inna abu ta kai wa miji ba, ko za a yanka ta.

Na ce to ta tashi ta riƙa zagaya gida, ko zuwa bakin garke ne. Ta ce ta gwada, tana sauke ƙafa suruka ta rugo tana roƙonta da Allah, maƙwabta suka leƙo, wata ta ce an bar mai ciwon hanta tana gantali, 'ya'yan zamani ba tausayi. Yaya ta koma ta kwanta don kada a zagi yaron.

"Auta," ta ce, "ka bar ni in yi jinyar nan yadda ake yi. Kai boko ya hana ka ganin mutane."

Daga nan na shiga abin da bai dace da mai furfura ba. Duk zuwa sai in ce a ba ni kwali ɗaya ko biyu in kai wa yara, in ɗaure a babur in tafi, in rabar a hanya. Na ɗauka ina rage mugun abu. Ashe ɗan nata yana lura da yadda bangon kwalaye yake sauka, ya yi murna, ya ce Inna tana samun sauƙi tunda tana sha haka, ya riƙa sayowa ninki. Sunana kuma ya fita a dangi a matsayin tsohon malamin da fansho ya gaza riƙewa har yake kwasar kayan mara lafiya. Wata 'yar uwa ta aiko mini da kwali nawa na kaina, cikin tausayi.

Na kai ɗan Yaya gaban likita, na ce a maimaita masa. Likitan ya maimaita, har ya zana masa hoton hanta a bayan takarda. Ya yi ta cewa to likita, in sha Allahu likita. Muna fita ya ce mini likitan yaro ne mai ƙoƙari, amma na asibiti daban, na gida daban, kowanne da wurinsa. A makon ya kawo wani jiƙo mai ɗaci daga hannun mai magani a kasuwa, wanda ba ya shawuwa sai da zuma cokali-cokali. Likita ya riga ya gargaɗe mu cewa irin waɗannan jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba suna iya ƙara wa hanta wahala. Na faɗa. Aka ce Kawu ya fara.

Babbar matsalar, na gane daga baya, a harshen take. Mu cuta ciwo muke ce mata, wato abin da ke yi maka zafi. Wannan kuwa ba ya zafi. Maiƙon jini ba ya sa zazzaɓi, kitsen hanta ba ya hana barci, iyakarsa kasala da ɗan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda Yaya ta ɗora wa tsufa. Da ƙwayoyin asibiti suka ƙare ba a sake saye ba, tunda ba inda ke ciwo. Kasalar kuma duk sanda ta motsa sai a ce jini ne ya yi ƙasa, a ƙaro lemo, labari ya zaga, 'yan dubiya su dawo sabo.

A tsakanin nan likitan ya ce ni ma in ba da jinina, don abin yakan bi gida. Na yi dariya, ni da iska ke kaɗawa kamar karan dawa. Sakamako ya fito, nawa maiƙon ma ya haura. Na fara shan ƙwaya, na bar sukari a shayi, na koma zuwa masallaci mai nisa a ƙafa. Ni da ba wanda ya sani ba ni da lafiya na samu damar yin magani. Ita da duniya ta sani, an tsare ta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata ma haka. Zuwana Garo ya zama kamar na mai zuwa kallon gobara da moɗa a hannu. Wani lokaci in yi faɗa, wani lokaci in yi roƙo, wani lokaci in zauna kawai in kalli yadda numfashi yake yi mata wuya in ta tashi alwala. Akwai ranar da na tsayar da babur a hanyar dawowa, na zauna a gindin wata ɗorawa, na rasa abin da zan yi, sai na kama kaina ina maimaita bayanin likita da ƙarfi, jimla jimla, ba kowa a wurin sai awaki.

Sai ƙishirwa ta zo wa Yaya, da yawan zagayawa fitsari. Aka auna, aka ce ciwon suga ya shigo. Allah ya yafe mini, har wani sanyi na ji, don wannan dai suna ne da kowa ya sani, zaƙi kuma yana cikin sunan. Lallai aka janye sukarin kanti, aka rage lemo. Amma rake da zuma da dabino suka zauna daram, don su na Allah ne, ba na kamfani ba. Wata tsohuwa ma ta gano musu cewa ƙwayoyin asibitin nan na farko su suka jawo sugan.

Yaya ce da kanta ta aiko a kira ni, wata safiya bayan girbi. Ta sa suruka ta fita, ta ce in kai ta asibiti, ni da ita kawai, a ce gwiwa ce. Na tambaye ta me ya faru. Ta ce ba abin da ya faru, jikinta ne ya daina yi mata kama da nata.

Likitan ya sake ɗaukar hoton ciki, ya daɗe yana kallo, ya tura mu Kano a yi wani awon. Da muka kawo masa sakamako bai yi kwana-kwana ba. Ya ce hantar ta fara tabo, wani sashe ya taurare. Wanda ya taurare ya tafi. Abin da ya rage shi ne a tsare sauran, kuma ana iya tsarewa in an tashi tsaye, amma yanzu ba wasa, kuma za a riƙa ganin ta a Kano a kai a kai.

Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Likita, wato abin da nake ta sha ne?"

Ya ce ba shi kaɗai ba, akwai gado, akwai jiki, akwai shekaru da zama wuri ɗaya. Amma ya taimaka.

Ba ta dube ni ba. Na gode mata da hakan, don da ta dube ni ban san wace fuska zan nuna mata ba. Shekaru ina neman a ce na yi gaskiya, da aka ce, sai na tattara takardun awon kawai muka fito.

Muka shiga mota muka iso Garo. Da muka sauka a bakin titi na ɗaga hannu zan kira mai babur, ta kama hannun ta sauke. Muka kama hanya a ƙafa, tana tafiya tana tsayawa, tana dafa katanga, gumi yana bin wuyanta. Mutane suna gaishe ta da mamaki, tana amsawa. Muna gab da ƙofar gida ta tsaya ta ce, "In mun shiga, kada ka buɗe baki. Ka yi naka shekara da shekaru, ba a ji ba. Bari in yi nawa."

Tsakar gida cike take, don labarin zuwa Kano ya riga mu isowa. Ɗan nata yana tsaye a bakin zaure. Yaya ta zauna a kan turmi, ta jira numfashinta ya dawo, ta fuskanci suruka, yadda ta saba in maganar ta ɗanta ce, ta ce likitan Kano ya duba, ya ce ciwon hanta ya tafi, ta warke sarai. Ya ce ta tashi ta kama aikinta. Saura ɗan suga kawai, shi kuma ba a yi masa dubiya.

Gida ya ɗauki hamdala. Suruka ta fashe da kuka. Yaya ta sa a fitar da sauran kwalaye da zuma a rabar sadaka, a mayar da kwanonta cikin na mutane, a sa ɗan mai da kifi a miya, a rage mata tuwo don ta gaji da shi. Cikin rabin wuni ta karɓe abin da na kasa karɓar mata a shekaru.

Ɗan nata ya matso kusa da ni, idonsa jawur don murna, ya ce, "Kawu, haka likitan ya ce?"

Na dubi Yaya. Tana kallon wani wuri.

Na ce, "Ka ji daga bakinta."

"To ka gani, Kawu. Raken nan da ka raina."

Na ce na gani.

Yanzu tana fita da safe ta zagaya har bakin gonaki, tana shara, tana tankaɗe. Magungunanta a ɗakinta suke a matsayin na suga da na gwiwa. Zuwa Kano kuma duk lokacin da ya zo sai mun ƙirƙiro dalili, ni da ita, kamar yara masu shirin gudu daga makaranta. Sugan ya ɗan sauka, maiƙon ma haka. Hantar dai likita ya ce a ci gaba da kallo, bai ce ta tsaya ba, bai ce ba ta tsaya ba. A Garo kuwa an samu shaida, duk wanda aka ce masa hanta sai a turo iyalansa su tambayi Hajiya yadda ta yi, ita kuma ta ce su je asibiti, su ce to, su biya ta wajen mai rake.

Zuwana na bayan nan na lura ba takalminta ne a ƙafarta ba, wani babban silifa ne na maza, idon sawunta kuma ya kumbura har ya shafe. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ba a yi wa mutum irin wannan tambaya a tsakar gida. Na buga wa likita, ya ce in kawo ta ba tare da jinkiri ba, kada a jira ranar da aka sa. Gobe da safe zan je in ɗauko ta. Ban samo dalilin da za mu faɗa ba tukuna, kuma in kumburin ya hau ciki, ban san me za mu ce wa mutanen da muka gaya wa ta warke ba.